Yadda Muryar Kawu Ta Salwanta a Hannuna

Shekaru sun ɗan ja, na kuma ga abubuwa da dama bayan nan, amma akwai wata Talata ta tsakiyar bazara da na tabbata ba za ta fita daga kaina ba muddin ina numfashi. Ba rasuwa aka yi ba, ba gobara ba. Wani ɗan rubutu ne ya fito a fuskar kwamfuta, bai cika layi biyu ba. Na karanta shi sau uku.

Aikina na gidan radiyo ne. Na daɗe ina naɗar murya, ina tace ta, ina karanta labarai. A wannan aiki tun ranar farko ake koya maka kada ka faɗi abin da ba ka tabbatar ba, kuma kada ka dogara da kwafi ɗaya na kowane shiri. Na kawo wannan ne don a san cewa abin da zan ba da labari ba rashin sani ne ya jawo shi ba.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne dagacin wani ƙauye a yankin Beli ta ƙasar Rogo, ya kuma daɗe a kan sarautar. Iyakokin gonakin ƙauyen duk a kansa suke. Ya san tsamiyar da ta raba gidan wane da gidan wane, ya san gonar da aka saya da wadda aka ba da aro tun zamanin kakanni. Da na ga ƙafarsa ta fara nauyi, sai na roƙe shi ya bar ni in riƙa bin sa da na'urar naɗar murya. Rani uku muka yi muna wannan zagaye. Duk sanda na samu hutu sai in taso daga Karaye, mu fita da hantsi, shi da sandarsa ni da na'urata. Ya tsaya a kan iyaka ya yi bayani, ya ambaci waɗanda suka shaida kafa ta.

Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini. Ya ce, "Wannan magana ba ta gidan radiyo ba ce. A zauren nan za ta zauna. Ban yarda ka tafi da ko kalma ɗaya a aljihunka ba." Saboda haka duk ranar da muka dawo, sai in juye abin da muka naɗa a kwamfutar zaure, in goge na'urata a gabansa yana kallo.

Da muka kammala, na san bai kamata a bar irin wannan abu a wuri ɗaya ba. Sai na sayo ɗan faifan ajiya na waje, baƙi, bai fi tafin hannu ba, na sa wata manhaja mai ɗaukar hoton faifan kwamfuta gaba ɗaya. Ba hoto irin na kyamara ba. Kwafi ne na duk abin da ke ciki yadda yake a jere, ta yadda in faifan kwamfutar ya mutu za a sa sabo a juye masa, ta tashi kamar ba abin da ya same ta. Ranar farko manhajar takan kwashi komai ta dunƙule a babban fayil guda. Daga nan kuma, duk mako abin da ya ƙaru ko ya canja kaɗai take ɗauka, ta ajiye a ƙananan fayiloli. Ƙananan nan ba sa tsayawa da ƙafarsu, a jikin babban suke jingine. Muryar Kawu kuwa duk tana cikin babban.

Wannan bayani da na yi muku yanzu, ban yi wa Malam shi ba. Malam shi ne magatakardan zaure, dattijo mai tsari, wanda ke rubuta wasiƙu da takardun gona, kuma manomi ne na gasken gaske. Mu 'yan radiyo muna alfahari da iya sauƙaƙa magana, to sai na sauƙaƙa masa. Na ce, "Malam, wannan rumbu ne. Duk Juma'a kafin ka tafi masallaci ka jona shi, ka danna nan, ka bar shi ya gama." Ya gyaɗa kai ya ce ya gane. Na koma Karaye ina jin daɗin misalin da na kawo.

Allah ya yi wa Kawu rasuwa, aka naɗa babban ɗansa, wato taubashina. Bayan kamar shekara biyu sai rigima ta taso a kan gonar Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gonar gyaɗa a gefen ƙauyen. Layin gamba ne ya raba ta da maƙwabta, sai wata tarakta da aka ɗauko haya ta bi ta kansa ta shafe shi. A tsakiyar wurin da ake jayayya akwai wata ɗorawa, wadda Gwaggo ke tsinkar kalwarta tana daddawa tun tana amarya. 'Ya'yan maƙwabcin, da yake shi ma mahaifinsu ya rasu, suka ce ɗorawar da ƙasar da ke kewaye da ita nasu ne. Dattawan da suka san asalin iyakar duk sun tafi. Abu ɗaya ne ɓangarorin biyu suka yarda da shi: a kunna muryar marigayi, duk abin da ya faɗa shi ke nan. Aka sa ranar Alhamis, don a gama kafin ruwan shuka ya sauka.

Ranar Litinin sai ga wayar taubashina. Ko gaisuwa bai gama amsawa ba ya ce, "Kai ɗan radiyo, akwatin nan naka ya kamu da tari. Sai a kunna sau uku kafin ya tashi, kuma yana wani ƙas-ƙas kamar kaza na tsattsagar tire."

Na san wannan ƙara. Faifan da ke juyawa a ciki ne ke gab da mutuwa. Na ce kada kowa ya ƙara kunna kwamfutar, gobe ina tafe. Na je wurin wani mai gyara a Karaye na karɓo sabon faifai irin na zamani wanda ba ya juyawa, wanda suke ce wa SSD. Na shirya ɗan filashin da ake tayar da kwamfuta da shi lokacin juye ajiya. Hankalina kwance. Ni a wurina aikin awa biyu ne.

Talata da hantsi na isa a kan babur. Ina shiga zaure na tarar da kwamfutar a kunne. Bayan mun gaisa, Malam ya yi murmushin mai laifi ya ce, "Ka yi haƙuri, na ce bari in gwada da bisimilla, sai ga ta ta tashi a bugu ɗaya." Ya riga ya buɗe wurin da muryoyin suke. Ina ganinsu a jere da sunayen da na sa musu da hannuna. Ya ɗora yatsa a kan ɗaya ya ce, "Ga ta gonar ɗorawa nan. Mu saurara ne, ko ka fara juye ta a ɗan abin nan naka?"

Filashin yana aljihun rigata, kuma akwai wuri a cikinsa. Aikin minti biyu ne. Na sha auna wannan minti biyu a raina fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Abin da na ce masa shi ne, "Malam, ba ma aiki gutsi-gutsi. Faifan nan ba shi da lafiya, duk mintin da ya yi a kunne ƙara masa ciwo yake. Ai komai yana rumbu. Ka yi ajiyar Juma'ar da ta wuce?"

Ya ce, "Ban taɓa fashi ba."

Na ce, "To, madalla." Na miƙa hannu na kashe kwamfutar.

Na kwance bayanta, na zare tsohon faifan na ajiye a kan tabarma, na sa sabon. Na tayar da ita da filashi, na jona faifan ajiya, manhajar ta nuno mini jerin ranaku. Na zaɓi Juma'ar ƙarshe, na nuna mata sabon faifan, na danna. Ta yi ɗan jim, sai ta fito da rubutun nan da Turanci, cewa wannan fayil ci gaban wani ne, a nuna mata inda na farkon yake.

Ban razana ba a lokacin. Na ɗauka wayar da ke haɗa su ce ta yi sako-sako, na zare na mayar, na canja mata kafa. Rubutun bai canja ba. Sai na tuna sabon faifan bai kai tsohon girma ba, kuma na san hakan kan sa irin wannan aiki ya cije. Na duba, na ga kayan da ke ciki ba su kai su cika shi ba, ba nan matsalar take ba. Na zaɓi Juma'ar da ta gabaci waccan. Rubutu ɗaya. Na ƙara ja baya, na ƙara, har na kai ta can farkon jerin. Rubutu ɗaya. A nan ne na lura da abin da ya kamata in gani tun farko: ranar da ke saman jerin ba ranar da na fara ajiyar ba ce. Ta kaka ce, wata bakwai ko takwas da suka wuce.

Na bar manhajar na buɗe faifan ajiyar kansa, na jera fayilolin bisa girmansu. Duk ƙanana ne. Na sake jerawa, wai ko idona ne. Babu babban.

A aikinmu ana horar da mutum ya karanta mummunan labari ba tare da muryarsa ta yi rawa ba, kuma da wannan muryar na yi tambaya. Na ce, "Malam, akwai wani babba a nan, na farko. Ka san inda yake?"

Ya leƙo ya ce, "Au, tsohon? Ai na fitar da shi tun kaka."

"Ka fitar da shi zuwa ina?"

"Na share shi mana. Ka tuna rumbun ya ce ya cika, na kira ka, ka ce za ka zo ka duba? Na jira Juma'a uku ba ka zo ba, ga shi ka ce kada a yi fashi. Na duba kwanan wata, na ga shi ne ya fi tsufa, kuma shi ya cinye wurin. Na ce to ai wannan a fili take. Wa ke zuba sabon hatsi a kan tsoho? Sai ka kwashe na bara, ka share rumbu, sannan ka jera sababbin dammuna, in ba haka ba ƙwari su gama da duka. Kuma tun da na cire shi bai ƙara kuka ba, duk Juma'a yana karɓa lafiya lau."

Ya faɗi haka ne da natsuwar mutumin da ya yi aikinsa daidai, har yana jiran a yaba masa. Kuma na tuna wayar. Ina gab da shiga karanta labarai ya kira, na ce zan zo, na ajiye waya, maganar ta fice mini. Abin da ya fi girgiza ni shi ne babu inda zan kama shi da laifi. Na ce masa rumbu ne, ya kula da shi yadda ubansa ya koya masa kula da rumbu. Manhajar kuwa, irin wadda na sa, a kan fayil na ƙarshe take ɗora sabo, ba ta waiwayar na farko sai ranar da aka zo kwasar kaya. Wata takwas tana ta jera rassa a kan bishiyar da aka riga aka sare.

Ya ga fuskata ya ce, "Lafiya dai?"

Na ce, "Malam, muryar Kawu a cikin tsohon take."

Ya yi salati, ya zauna a ƙasa ba tare da ya duba inda zai zauna ba. Ya ce, "To ai tana cikin kwamfutar. Yanzun nan muka gan ta."

Haka ne, yanzun nan muka gan ta. Na zare sabon faifan, na ɗauko tsohon daga kan tabarma da hannu biyu na mayar. Na danna. Ƙas, ƙas, ƙas, sai shiru, fuskar kwamfuta baƙi ƙirin. Na kashe, na jira, na sake. Na bar shi ya huce, na sake. Muka tashi muka yi azahar, na dawo na sake. Malam ya ce in bari ya gwada da hannunsa tunda ɗazu ta amsa masa. Na ba shi wuri, ya yi bisimilla ya danna. Ƙas, ƙas, ƙas.

Gab da la'asar taubashina ya shigo daga wani zaman gaisuwa, tun daga ƙofa yana cewa, "Ina ɗan radiyo? An warkar da mai tarin, ko sai mun nemo masa jiƙo?" Ya kalle ni, ya kalli Malam, sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Na yi masa bayani a taƙaice. Ya ce, "Duka?" Na ce duka, rani ukun. Ya ce, "Muryar babana ke nan fa." Sai a lokacin na gane ba shaidar gona kaɗai na kashe ba.

Laraba da sassafe na kai wa mai gyaran nan na Karaye faifan biyu. Ya jona tsohon a kwamfutarsa, ya kara kunne, ya girgiza kai. Ya ce, "Yallaɓai, wannan allurar da ke karanta shi ce ta faɗa kansa tana kartarsa. Sau nawa kuka kunna shi bayan ya fara haka?" Na faɗa masa. Ya ce, "Kai da kake koya mana abubuwa a radiyo?" Ya koma kan faifan ajiyar, ya sa manhajar da ke tono abin da aka goge. Muka zauna har rana ta take. Ta tono sunan babban fayil ɗin, har na miƙe tsaye. Amma sunan ne kaɗai ya rage. Wurin da ya zauna, ajiyar Juma'o'in Malam ta bi ta kai ta rubuce shi. Daga baya an kai tsohon faifan har Kano, aka buɗe shi, aka ce fuskarsa ta karce, babu abin da za a ɗauka.

Da yamma na je na sami Gwaggo tana ɓarar gyaɗar iri a tsakar gida. Na durƙusa na gaishe ta na faɗa mata. Ba ta daina ɓarar ba. Ta ce, "To ai kai ka riƙe wa marigayi abin maganar. Ba ka ji abin da ya ce ba?"

Na ce, "Na ji, Gwaggo. Ina ganin ya ce ɗorawar a ɓangarenki take."

Ta ɗago ta ce, "Kana gani?"

Gaskiyar ke nan. Na tuna tsayuwarmu a inuwar bishiyar, na tuna ya ambaci sunan mijinta. Amma mun tsaya a kan iyakoki masu yawa, ɗorawa kuma ba ɗaya ba ce a ƙauyen, ni kuwa lokacin hankalina yana kan ko iska na shiga na'ura. Na bar wa na'ura aikin riƙewa.

Ranar Alhamis zaure ya cika. Na miƙe na faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan, ban sa sunan Malam a ciki ba, na ce kuskurena ne. Sai babban ɗan maƙwabcin ya yi gyaran murya ya dubi dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, ba mu ce an yi wani abu ba. Amma abu ya shekara biyu lafiya, sai jibi za a ji shi ya ɓace, kuma a hannun ɗan gidan su Gwaggo. In da maganar marigayi ta yi musu daɗi, anya za ta ɓace?"

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Kwana biyu ina jimamin na cuci Gwaggo, ashe wasu na ganin na yi mata aiki ne.

Wani dattijo ya ce a tambaye ni, tunda ina wurin, ko zan iya rantsuwa a kan abin da marigayi ya faɗa. Gwaggo tana daga bakin ƙofar cikin gida, ina jin idonta a kaina. Na ce, "Ina kyautata zaton ya ce nata ne. Rantsuwa kuwa ba zan iya ba."

Aka yi sulhu irin wanda ake yi in shaida ta yanke. Aka auna wurin da igiya aka raba biyu, aka dasa bini-da-zugu a sabuwar iyaka. Ɗorawar ta faɗa ɓangaren maƙwabta da kamar taku huɗu. Babban nasu, don ya nuna ba shi da mugun nufi, ya ce Gwaggo ta ci gaba da tsinkar kalwa muddin ranta. Ta aiko a yi masa godiya, amma ba ta ƙara taka gindin bishiyar ba. Da na yi mata maganar bayan wani lokaci, sai ta ce, "Ba na zuwa a sam mini abin da na san nawa ne." Ba ta taɓa ce mini kai ka jawo ba. Da ta faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Kwamfutar tana nan a zaure. Na sa mata sabon faifan na ɗora mata komai daga farko, kuma kafin ka gyara zama ta tashi. Malam ya sake rubuta takardun da ya iya tunawa. Har yau in na je yakan ce laifinsa ne, ni kuma in ce nawa ne, mu bar maganar a nan.

Abin da wannan al'amari ya koya mini bai tsaya a kan kwamfuta ba. Ajiyar da ba ka taɓa buɗewa ka ga ta dawo da idonka ba, zato ne kawai kake riƙe da shi, kuma in ka ba mutum amanar aiki ka rage masa bayani don ka ga kamar ba zai gane ba, duk abin da ya biyo baya a wuyanka yake. Amma wanda ya fi zama mini a rai shi ne wannan: in abin da kake tsoron rasawa yana gabanka, kana ganinsa, hannunka kuma zai kai, to ɗauke shi tukuna. Tsari da iya aiki su jira. Ni na zaɓi in yi aikin yadda zai yi kyau, wata tsohuwa ta biya da bishiyarta.